Baƙon da Ba Shi da Basilla

A Birni, bayan la'asar, akuyata ta ƙi dusa,
majina a hanci, ido sai ruwa.
Na ce iska ce. Ɗiyata Tsahara ta girgiza kai,
ta ajiye jakar allurarta bisa fatun da nake yanka.

Baba, in ji ta, jikin akuya gari ne,
ɗaki-ɗaki, ƙanana, ido ba ya kai musu.
Kowane ɗaki da dukawansa, da wuƙa, da basilla.
Baƙon nan ba shi da ko ɗaya,
a waje ko motsi ba ya yi.
Mabuɗi kawai gare shi, daidai da ƙofa.

Da ya shiga sai ya tuɓe riga a zaure,
ya miƙa 'yar takarda: ga fasalina, a ɗinka.
Dukawa ba su tambaya.
Su ture aikin gida, su duƙufa,
baƙo goma, ɗari, dubu,
da zaren gidan, da guminsu.
Wajen fita kowa ya yagi labule ya yi riga,
ya nufi ƙofar maƙwabci.

Na dubi hannuna. Shekara arba'in
ina ɗinka abin da dillalan kasuwar Dole suka kawo,
ban taɓa cewa na wane ne ba.

Ta ware mai ciwon can gindin bedi,
ta ce gobe a kai sauran rigakafi.
Rana ta faɗa bayan duwatsu.
Basilla na hannuna, ban soka ba.