Wa Ya Yi?

Ranar da na karɓi digirina a Glasgow
yayyafi ake yi, irin wanda ke jiƙa mutum bai sani ba.
Babana ya sa kwat ɗin aurensa,
ta matse shi a hammata.
Ya juya takardar, ya duba bayanta
kamar mai neman inda aka rubuta farashi.
Ya ce, "Ishbel, Turanci?
Shekara huɗu kina koyon harshen da kika fara kiran mama da shi?
Ni na koya miki, ko sisi ban karɓa ba."

Hannunsa na mai walda ne.
Shekara talatin yana ɗinke ƙarfe da wuta
a bakin kogin Clyde.
Abin da ya yi, yana iya nuna maka shi da yatsa
yana tafiya bisa teku.
Ni me zan nuna?

Muka watse.
Lachlan ya tafi Busan
yana koya wa matuƙan jiragen ruwa
yadda ake neman agaji cikin dare ba tare da in'ina ba.
Morven na zaune a ɗaki marar taga
tana rubuta maganar 'yan wasa a ƙasan allo saboda kurame;
ta ce ba abin da ke ba ta wuya kamar rubuta shiru.
Farhat ta ƙara karatu, ta zama lauya, ta daina ɗaukar waya.
Wani ya shiga harkar talla, yana raɗa wa sabulu suna,
shi ya riga mu sayen gida.

Ni na sayar da kofi wata goma sha ɗaya.
Na gyara waƙafi a wata jarida har ta mutu a hannunmu.
Daga baya asibiti ya ɗauke ni.
Likita ya zubo zance mai tsawon igiyar rijiya,
ni in yanke shi daidai hannun majinyaci:
sha biyu da safe, kada ka tuƙa mota,
in ka ga jini, dawo.
Babana ya ce, "Wato ke ce mai gajarce magana.
Ana biya?"
Ana biya.

Sai tari ya zo.
Ƙurar da ya shaƙa a cikin jirage tun ina rarrafe
ta farka a huhunsa.
Kamfanin ya aiko wasiƙa, shafi uku, takarda mai kauri:
an yi nadama, an samu sakaci a wancan zamani,
ba a san haɗarin ba, ba a iya tabbatarwa.
Ya karanta sau biyu, ya ninke.
Ya ce, "Mutanen kirki. Har haƙuri suka bayar."

Na zauna a teburin kicin da jan biro.
An yi. An samu. Ba a sani ba.
Wa ya yi?
Wane ne bai sani ba, tun yaushe,
wa ya sa hannu, wa ya kulle takarda a durowa?
Abin da aka koya mini ke nan, ashe:
in ɗaga jimla kamar dutse
in ga wa ya kwanta a ƙarƙashinta.
Kowane aiki na nemo masa mai shi.
Dare uku. Shafi ɗaya.

Farhat ta ɗauki waya a bugu na biyu.

Har yau ba a yanke hukunci ba,
kuma numfashinsa na ta gajarcewa.
Amma daren da na gama, ya ce in miƙo.
Bai nemi tabarau ba.
Ya bi layukan da babban yatsa, a hankali,
yadda yake shafa ƙarfe bayan wuta ta huce,
yana neman tsaga.
Ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko.
Ya yi tari, ya jira ya lafa.
Ya ce, "Wannan ɗinkin zai riƙe."