Ɗaki Mai Taya Huɗu

Tun ladan bai gyara murya ba
nake buɗe ƙofar baya, ganye biyu,
in shiga a sunkuye.
Ɗakin bai kai rumbun gero ba,
amma kowane abu da gurbinsa, kamar haƙori a baki.

Gado a tsakiya, mai naɗe ƙafafu
kamar raƙumi in zai durƙusa.
Ɗamararsa uku: ƙirji, ƙugu, gwiwa.
Tulun iska biyu a ɗaure a kusurwa,
in duba allurarsu, in ƙwanƙwasa gilashin da farce.
Akwatunan bango duk murfinsu garai yake
don ido ya riga hannu isa.
Auduga a sama, allurai a dama,
almakashi kuwa na rataye shi da igiya
tun ranar da ya ɓace mini a hanyar Dakoro
na yaga rigar mutum da haƙori.

Kujerata baya take kallo.
Shekara shida ina shiga Maradi da ƙeya,
ina ganin inda muka baro,
ban taɓa ganin inda muka dosa ba.
Wannan rabon Iro ne, shi da sitiyari.
Tsakaninmu ƴar taga ce, faɗin tafi biyu,
ta nan nake ce masa: sassauta. Ko: taka.

Ranar Laraba, Jiratawa.
Rijiya ta rufta da mai haƙa ta.
Da igiyar guga suka zaro Mati,
laka har cikin kunne.
Na ɗaura masa abin tallafe wuya,
muka shimfiɗe shi a allon baya.
Na'urar tsotsa ta shiga maƙogwaro tana gurnani,
tana dawo wa ƙasa da ƙasarta.
Ledar ƙarin ruwa a ƙugiyar rufi tana lilo.
Na maƙala masa ɗan jan ido a yatsa,
allo ya ce tamanin da ɗaya.
Na murɗa tulu.
Tamanin da huɗu.

Iro ya saki jiniya.
Ƴan kabu-kabu suka dāre gida biyu,
jakin amalanke ko kunne bai kaɗa ba,
sai da muka bi gefen kwalta,
kwalabe na haƙora a cikin akwati,
ni na dafe ƙarfen rufi da hannu ɗaya,
ɗayan yana kan jijiyar wuyansa.

Daf da shiga gari ya buɗe ido.
Bai nemi kowa ba.
Ya bi rufi da kallo, ya bi bango,
fitila, ƙugiya, akwati, ni.
Daga ƙarƙashin robar hanci ya ce,
“Wa ya auna wannan ramin?”
Na ce, “Baba, mota ce.”
Ya ce, “Ko wane ne, ya san aiki.
Bai bar taƙi ɗaya a banza ba.
Inda ka tsaya, hannunka ya kai ko'ina.
Haka ake haƙa.”
Ya yi tari, ƙasa ta fito.
“Sai dai bakinsa a gefe yake.
Wannan ya fi.”

Casa'in da biyu.

A babban asibiti muka ja gadon,
ƙafafunsa suka sauko da kansu, ƙwas,
wasu hannaye suka karɓe shi,
ƙofa ta rufe.
Iyakar gonata ke nan.

Da la'asar na koma da bokiti.
Daɓen motar ba shi da lungu,
an lanƙwasa gefensa don kada jini ya sami maɓoya.
Amma lakar Jiratawa ta sami nata
a cikin titin ƙarfen da gado ke bi.
Na kankare da tsinke, na cika tafi guda.

Ƙanensa ya manta igiyar gugan a ƙarƙashin benci.
Na naɗe ta, na rasa akwatin da zan sa,
don wanda ya auna ɗakin bai san da zuwanta ba.

Tana nan a bayan kujerata.
Allurar tulun hagu ta sunkuya,
gobe da safe sai a sauya.