Tiyo Uku

Shekara arba'in da ɗaya tana garejina a Dolgellau,
koriya, ƴar ƙarama, ba rufi,
kujera biyu: tawa da ta Eirlys.
A gudu ba ta taɓa ba ni kunya ba.
Tsayawa ce ta fara yi mata wuya,
ko kuma gwiwata ce, ban rantse ba.

Na cire gangunan gaba na sa faifai,
na kashe kuɗin da ban faɗa a gida ba.
Saura tiyo uku, biyu gaba, ɗaya baya,
kowanne bai kai kamu guda ba.
Na ce waɗannan kam lafiyarsu ƙalau,
baƙaƙe sumul, ko tsaga babu.

Nerys bakanikiya ba ta ce uffan ba.
Reza ta ɗauka, ta tsaga ɗaya a tsaye
kamar mai gyaran kifi,
ta miƙo min ƙarƙashin fitila.
Ciki ya kumbura ya haɗe,
ramin da ƙyar allura za ta bi.
"In ka taka, mai yana tafiya," in ji ta,
"dawowar ce ba ya yi."
Sai na tuna hoton da likita ya nuna min bara a Bangor,
wata jijiya kusa da zuciya.
Shi ma abin da ya ce ke nan, da wasu kalmomin.
Na ajiye tiyon. Na nemi shayi.

Emrys na ƙungiyarmu ya ce roba,
baƙar roba, yadda ta baro masana'anta.
Wai saƙar ƙarfe a ƙafar tsohuwa
haƙorin gwal ne a bakin mai wa'azin coci.
Nerys ta ce saƙar ƙarfe ba ta kumburi,
abin da ƙafa ta faɗa shi taya ke ji,
ba a rage komai a hanya.
Amma tana ɓoye ciwonta cikin sulke,
kuma duk abin da ta goga
sai ta ci shi kamar magagari.

Ga kuma rigimar zaren noti.
Motar da inci aka haife ta,
sabbin kayan milimita suka sani.
Zagaye biyu suna gaisawa lafiya lau,
a na uku su ci amanar juna.

Awo na yi da ulun saƙar Eirlys, ja:
na ɗaga mota har taya ta yi reto,
na karya sitiyari hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe.
Gajere tsinkewa yake, dogo guga.
Kwana tara ina juya takardar oda a kan tebur
har ta sha man shanu.

Ranar goma Eirlys ta sauke tabarau.
"Gwilym, a gangaren Bwlch, Emrys ne a gefenka ko ni?"
Na sayi na ƙarfen, mai baƙar riga a sama,
kada Emrys ya gane sai ya durƙusa,
shi kuwa ya bar durƙuso tun kafin ni.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne.
Ita a kujerata, ni kwance a siminti
da sifana da tsohuwar kwalbar zuma.
"Taka!"
"Me?"
"Taka! Riƙe!"
Kumfa na fita ɗaya bayan ɗaya,
ƙanana, kamar maganganun da muka fasa yi.
Can ta ce, "Ya yi tauri."

Lahadi muka hau dutsen cikin yayyafi.
A kwana ta uku wajen sauka, tunkiya
tsaye tsakiyar kwalta tana tuƙa, ba ruwanta.
Na taka.
Muka tsaya, da sauran taku biyar tsakaninmu.
Ta dube mu, muka dube ta.
Eirlys ta saki hannun ƙofa, ta gyara hula,
ta ce, "To, yanzu faɗa min nawa ka kashe."