Mai Yankan Dare

A Sumarana, bakin gulbi, nake da garka,
taki arba'in ce in ka auna ta da ƙafa.
Ranar Laraba na dasa shu ɗari uku
da irin da na ci bashi, jikka huɗu, wurin Ma'azu.
Na ba su ruwa har bayana ya ƙage.
Da zan tafi gida suna tsaye reras,
kunnuwa bibbiyu, kamar 'yan awaki sabbin haihuwa.

Asabar da sassafe na tarar da talatin a kwance.
Ba a ci ganye ba, ba a tuge saiwa ba.
An yanke su daidai wuya, inda kara ya gaisa da ƙasa,
yanka mai tsabta, irin na wanzami.
Akuya tana barin kofato, jaki yana barin kashi,
wannan ko sawu bai bar mini ba.

Sai zuciyata ta tsallaka shinge ta faɗa kan Barmo.
Shekaranjiya muka yi cacar baki a kan ruwa,
ya ce injina ya shanye masa rijiya,
na ce rijiyar ba gadon ubansa ba ce.
Wa ke da wuƙa, wa ke da haushi, wa ya san hanya cikin duhu?
Kwana uku ina wuce shi da kai a sunkuye,
ya yi sallama, na amsa wa iska.

Inna Tsahara ce ta zo tsinkar zogala.
Ta dubi gawarwakin, ba ta ce uffan ba,
ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara,
ta sa yatsa ɗaya gindin wanda ya faɗi,
ta tona, bai kai zurfin gaɓa biyu ba,
ta ɗago abin a tafin hannunta:
tsutsa, launin toka, ta ƙoshi, tana maiƙo,
ta nannaɗe kamar zobe, wai ita barci take.

Ta ce, ga maƙwabcin naka.
Da rana ƙasa ce bargonsa,
in an yi isha'i ya fito aiki.

Daren nan na zo da tocila da gwangwanin tumatir.
Daga gari ana jin kukan manyan motocin Jibiya,
ni kuwa ina rarrafe tsakanin kunya da kunya,
ta garka da ta zuciya.
Na kama sittin da bakwai kafin zakara,
wata na same ta da baki a wuyan shuka
kamar mai raɗa wa ƙawa magana.
Da safe zabin Inna suka yi walima.

Na daka 'ya'yan bedi na jiƙa na yayyafa,
na zagaye kowane gindi da tokar murhu,
na yanka gorunan roba na yi musu wuyan riga.
Duk da haka goma sha ɗaya suka ƙara faɗi.
Ma'azu bai san tsutsa ba, jikkarsa huɗu ya sani.

Dare na huɗu na hango wani haske bayan shinge,
yana tafiya ƙasa-ƙasa, yana tsayawa, yana ci gaba.
Barmo ne, a durƙushe cikin tattasai,
da nasa gwangwanin.
Na haska shi, ya haska ni.
Ya ce, rabin dashena ya tafi, Nomau,
kuma wallahi kai na zata.

Ba mu yi dariya ba, bashi bai bari ba.
Na tsallaka, na juye nawa cikin gwangwaninsa,
batirinsa ya mutu, muka raba haske ɗaya,
shi yana tono, ni ina riƙe da tocila,
har ladanin Sumarana ya gyara murya.