Layi Na Huɗu

Ni aka miƙa wa alli da allon katako,
don ni ne magatakardan ƙungiyar gari.
Aka ce, Lawandi, jera mana sunayen
masu bin salsala a biya su lada,
a kafa a bangon ɗakin shan magani,
inda baƙo ke fara tsayawa
in ya sauko daga motar Jahun.

Baƙin sun yi yawa bana.
Wani daga Kumasi, Hausarsa duk ta karye,
wata daga Gadarif, da hoton tsoho mai tsage a kunci,
kowa da tambaya guda:
a ina aka binne cibiyar kakana?

Liman ya ce asali ba gero ba ne
da za a auna a tiya.
Ma'aji ya ce, Allah gafarta Malam,
babur ba ya shan albarka, fetur yake sha.
Aka yi dariya, aka tashi a kan a rubuta.

Na ɗaya, Malam Ɗayyabu na Ƙofar Gabas.
Yana da adakar takardun ajami
da gara ta ci wa gefe;
in ya zo inda ta ci, sai ya yi tari ya tsallake.
Gida ɗaya dubu goma, ban da goro.

Na biyu, Nazifi ɗan gidan Cindo,
wanda ya karanta tarihi a Dutse.
Shi har Kaduna yake zuwa
ya tono rajistar haraji ta zamanin En'e,
ya dawo maka da sunan kakanka
kusa da sule shidan da bai biya ba.
Kuɗin mota naka ne, zuwa da dawowa.

Na uku sai da aka yi musu: Barau maroƙi.
Ba shi dubu biyu, kai jikan manomi ne.
Ƙara uku, sai rawani ya tsiro a gidanku.
Na rubuta shi da ƙananan baƙi.

Amma na sani, kowa ma ya sani,
bayan isha'i, ɗaya bayan ɗaya,
ƙofar Goggo Tasalla su ukun suke sallama.
Ita ta san wa ya sha nonon wa,
wa ya bi fataken kanwa bai waiwayo ba,
wace rijiya ce ta raba wa da ƙane
har jikokinsu ba sa haɗa kwano.

Na je da hantsi, allo a hammata.
Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba.
Na ce, Goggo, nawa zan sa a gaban sunanki?
Ta ce, su ladan faɗi ake biyansu.
Ni abin da na iya, shiru ne.
Shekara sittin bakina a rufe, shi ke tokare da garin nan.
Akwai auren da ke zaune a kansa,
akwai gonaki, akwai sahun gaba a masallaci.
Nawa ake sayen wannan a wajenku, 'yan boko?

Na rasa ta cewa.
Ta zuba mini gyaɗa a tafin hannu,
ta daɗe tana duban kunnuwana,
ta ce, ai kai ma...
sai ta fasa, ta kori kaza.

Allon na bango yau wata biyar.
Feshin damina ya wanke farashin Barau,
ya zo da kansa ya mayar, ya ɗan ƙara.
Layi na huɗu, lamba kawai na zana, na bar shi fili.
Baƙi kan tambaya ko mantuwa na yi.

Ni kuwa tun ran nan, in ina alwala,
sai hannuna ya daɗe a kan kunnena.