Burodi a Gidan Mai Shayi

Shekara talatin da ɗaya
Baba Tanimu na yanka burodi a bakin tashar Gantsa.
Direbobi kan ce shayinsa
ko matacciyar mota aka ba sai ta tashi.

Ciwon ya zo da asubar wata Laraba.
Ya karɓe hannun dama, ya karkatar da baki,
ya bar maƙogwaro kamar ƙofar langa-langa
da ba ta rufuwa daidai.

Malamar asibiti a Dutse ta ja ni gefe:
"Kada taushinsa ya ruɗe ka.
Da ya sha yawu danƙo yake zama,
ya dunƙule, ya tsaya inda numfashi ke bi."
Na ce, in an tsoma a shayi fa?
Ta ce, "Ruwan zai riga shi sauka, ya ƙware."

Ni na ji.
Gwaggo Kuluwa ba ta wurin.
Ta zo dubiya da mai yanka-yanka a baƙar leda,
tana cewa ina aka taɓa hana masunci kifi.

Ina bayan ɗaki ina ɗaure akuya.
Da tari ya yi, da na ce da sauƙi.
Shirun ne ya kira ni.
Ido waje, hannun hagu a wuya,
leɓe ya fara komawa toka.
Na sunkuyar da shi, na sa tafin hannu tsakanin kafaɗu,
ɗaya, biyu,
Gwaggo na salati,
a na huɗu lomar ta faɗo kan tabarma.
Ko goro ba ta kai ba.

Yanzu kunun gyaɗa ne, mai kauri, tatacce.
Cokalin yara.
Ya zauna tsaf, haɓa ƙasa, rediyo a kashe.
Nakan tsura wa wuyansa ido
sai na ga zakaran ya hau ya sauka
kafin in ƙara.
Kwano ɗaya kan cinye mana rabin hantsi.

Teburin yana hannuna.
Da dare in na dawo
yakan kamo bakin rigata da hannun da ya rage,
ya kai hanci, ya daɗe.
Jiya da karkataccen bakinsa ya ce:
"Na gidan Ilu ne wannan.
Sun rage sukari."