Sai Matar Gida Ta Yarda

Ranar Laraba suka zo da turaku,
Wafula mai awo da yaransa biyu,
suna jan igiya a kan makwancin shanunmu.
Eka arba'in, in ji shi, za ta haifi fuloti ɗari uku.
Na ce ban taɓa ganin ƙasa da ciki ba.

Mijina Lenkai ya gama kashe kuɗin a zuci:
makarantar Sironka, rufin kwano, babur.
Doka ta ce a dakata.
Ba a yanka fili sai hukuma ta zauna,
sai an bar hanyar da mota biyu za su gifta,
sai an ware wa ruwan sama mabi,
sai matar gida ta yarda.

A ofishin Kajiado, kan benci, fanka na kuka,
aka miƙo mini takarda da tawada.
Shekara talatin ina tatsa a ƙasar nan,
yau aka fara tambayata.

Na ce a nuna mini rijiyarmu a taswira.
Mai awo ya duba, ya juya takarda, ya sake dubawa:
ta faɗa fuloti na saba'in da bakwai,
banɗakin wani da ko zuwa bai yi ba.

Na mai da yatsana cikin jan mayafi.
Lenkai ya yi tari.
Shugaba ya ɗage zama sai wata mai kamawa.

Muka tako gida, ba mai cewa uffan.
A bakin shinge
wani maraƙi na sosa wuya da turken farko.